Masu katun ɗinmu, ku sauko daga dogon fim

Ba a daɗewa sai an ci karo da tallan wani sabon fim ɗin katun na Hausa a Facebook ko TikTok. Daƙiƙa 40, kiɗa mai tada tsikar jiki, jarumi a kan doki ya zare takobi, sai a rubuta "yana nan tafe". Mu yaba, mu yi ta turawa. Shekara ta zagayo, shiru kake ji. In ka bincika sai ka tarar matashi ɗaya ne da kwamfutarsa a ɗaki, kuma abin da ya ɗauko wa kansa fim ne na awa ɗaya da rabi. Wallahi ba raina ƙoƙarinsa nake yi ba. Amma ya kamata a samu mai gaya masa gaskiya tun bai ƙona ƙuruciyarsa ba: ya sauko ya yi na minti 3, ya gama shi, mu kalla.

Bari mu yi lissafi, don wasu za su ce hassada ce. A fim, hoto 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa, shi ya sa ido ke ganin kamar motsi. Minti ɗaya hoto 1,440 ke nan. Fim mai minti 90 kuwa hoto 129,600 ne. A katun na kwamfuta kowane hoto sai na'ura ta zauna ta lissafa haskensa da inuwarsa da launinsa, abin da masu aikin ke kira renda. Mu ƙaddara kowane hoto yana cin minti 2 a kwamfutar da yawancinmu ke iya saya. Dogon fim ɗin nan zai ci kwana 180 na'ura tana aiki dare da rana, in ba a ɗauke wuta ko sau ɗaya ba, a ƙasar da ku ma kun san halin wutarta. Na minti 3 kwana 6 zai ci. Renda kaɗai fa nake faɗa. Ban sa rubuta labari ba, ban sa ƙera mutanen da sa musu ƙasusuwan da za a riƙa motsa su da su ba, balle ranar da za ka gano hannun jarumi ya shige cikin bango sai an sake.

Waɗanda muke kwaikwayo ma ba da dogon fim suka fara ba. Kamfanin Pixar na Amurka, a 1986, abin da ya fitar shi ne Luxo Jr., fim na kusan minti 2. Fitilun tebur ne guda biyu, babba da ƙarama, da 'yar ƙwallo. Ba ido, ba baki, ba magana. Amma da ƙaramar ta yi ta tsalle a kan ƙwallon har iskar ƙwallon ta fita, fitilar ta sunkuyar da kai, kowa ya gane yaro ne ya yi ɓarna yana jin kunya. Duk sana'ar tana nan: yaushe abu zai motsa, yaushe zai dakata, wane nauyi ne da shi. A 1988 suka yi Tin Toy, ya ci Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, amma jaririn da ke cikinsa ku nemo ku gani, abin tsoro ne, domin kwamfutar lokacin ba ta iya fatar mutum ba. Suka ɗauki darasi. Da suka zo yin dogon fim na farko, Toy Story, a 1995, sai suka sa 'yan tsanar roba su ne jaruman, tunda roba ce na'ura ta fi iya nunawa da kyau. Shekara 9 tsakanin fitilun nan da dogon fim, ga ƙwararru, ga kuɗin Steve Jobs, mai kamfanin a lokacin, a bayansu. Bayan nan ma ba su daina ba. A 1997 suka yi Geri's Game, wani tsoho yana buga dara irin ta Turawa shi da kansa, musamman don su koyi yadda fata da tufa ke motsi.

Maganar tufar nan ita ta fi shafarmu, kuma ban cika jin ana yin ta ba. Bature zai sa wa mutumin katun ɗinsa matsattsiyar riga da wando, su manne a jiki, ya huta. Mu kuwa babbar riga ce, da rawani, da mayafi, da zani, da hijabi har ƙasa. Duk abin da ke lilo yana naɗewa shi ne mafi wahala a wannan aiki. Shi ya sa kake ganin sarki a katun ɗinmu ya ɗaga hannu babbar rigarsa ta tsaya ƙiƙam kamar kwali, ko gwiwarsa ta fasa ta fito. Yadda dattijo ke saɓa hannun riga a kafaɗa kafin ya zauna, wannan motsi ɗaya tak ya isa mutum ya yi wata yana gwaji. Wanda ya ɗauko labarin yaƙi da mahaya 200 a ina zai samu wannan watan? Mai gajeren fim shi ke da shi.

Abin haushin, muna da namu magabacin a wannan hanya, amma kaɗan ne suka san shi. Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa, ya rasu a 2015. Tun a 1966 ya yi Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun na zanen hannu a kan wani shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da fareti da jawabai da duk wani burga na masu mulki. Zanen ba wani ado gare shi ba, layuka ne kawai. Daga baya ya yi Kokoa, inda 'yan tsanar kwaɗi da sauran dabbobi ke kokawa a fili. Mutumin nan ya dubi kayan aikin da ke hannunsa, ya zaɓi labarin da za su iya ɗauka. Kwaɗo ba ya sa babbar riga. Gizo da Ƙoƙi ma haka, kuma tatsuniyarsu dama gajera ce, tana da farko da tsakiya da ƙurunƙus.

Kar kowa ya ce mini manhaja ce matsalar. Blender, manhajar yin katun a kwamfuta, kyauta ce tun 2002, kowa na iya saukewa. Da ita Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya da 'yan tawagarsa suka yi Flow, labarin wata kyanwa da ambaliya ta rutsa da ita, babu magana ko kalma ɗaya a ciki, kuma ya ci Oscar a 2025 a gaban manyan kamfanonin Amurka. Shi ma da gajerun finafinai ya fara tun yana saurayi.

Na san abin da za a ce: gajeren fim ba ya kawo kuɗi. Gaskiya ne, ba kasafai yake kawowa ba. Amma dogon da ba a gama ba nawa yake kawowa? Pixar ɗin ma shekaru suka yi suna yi wa kamfanoni tallan talabijin don su biya albashi. Wanda ke da katun uku kammalallu zai iya shiga wurin mai kamfanin sabulu, ko makaranta, ko masu wayar da kai kan rigakafi, ya ɗora waya a tebur ya ce ga aikina. Adamu Waziri da ya ƙirƙiro Bino and Fino a Abuja gajerun shirye-shirye na yara ya riƙe, da zane mai sauƙi, har aka san su a wajen Najeriya.

Mu masu kallo ma da laifinmu. Mu ne masu "kai, wannan ya kai na Turawa" da zarar mun ga ƙyalli, ko da mutanen ciki suna tafiya kamar an ɗaure musu ƙugu. Yanzu kuma ga na ƙirƙirarriyar basira sun cika waya: hoto tas-tas, amma fuskar amarya sai ta canja sau uku kafin ta ƙarasa magana, hular ango yau zanna gobe wata iri. Duk mu danna mu yaba. Yaron da ya kwana yana gyara yadda akuya ke tauna kuwa, ba mai tanka masa.

Sai murya. Kusan duk katun ɗin Hausa da nake gani, mai zanen ne da kansa yake yin muryar sarki, ya matse maƙogwaro ya yi ta tsohuwa, ya dawo ya yi ta yaro, duk a cikin ɗaki mai amsa kuwwa. Alhali a Kano da Kaduna da Damagaram akwai tsofaffin 'yan wasan kwaikwayon rediyo da suka shekara da shekaru suna sa mutane dariya da kuka ba tare da an ga fuskarsu ba. A fim na minti 3, zaman yamma ɗaya ya ishe ka da ɗayansu, kuma a fara ɗaukar muryar tukuna sannan a bi ta da motsin baki, kamar yadda manyan kamfanonin ke yi.