Akwatin ƙarfe ma yana buƙatar wayar at

Wai tunda an kai wayar at, wato wayar kariya mai kai wuta ƙasa, cikin soket, akwatin ƙarfen da ke bango bayan soket ɗin ba ruwansa. Wannan maganar ina yawan jinta wajen masu wayarin, kuma wallahi kuskure ne.

Duk ƙarfen kayan wuta da hannu zai iya kaiwa dole a haɗa shi da at. Idan wayar layif, wato mai kawo wuta, ta goge ta taɓa akwatin, in akwai at, wuta za ta gudu ta nan da ƙarfi bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa, ya faɗi nan take, in babu kuwa akwatin zai zauna da wuta mai ƙarfin volt 230 yana jiran wanda zai taɓa sukurun fuskar soket ɗin, sau da yawa ma yaro ne.

Gidajenmu kuma bututun roba ake sawa, roba ba ta ɗaukar wuta balle ta zama at. A Amurka dokarsu ta wayarin, wato NEC, sashe na 250.148 ta ce a haɗa wayoyin at da ke cikin akwatin wuri guda, a ɗaure da jikinsa.

Ka yanko guntuwar waya mai kore da rawaya, ka haɗa baki ɗaya da wayar at, ɗayan kuma ka ɗaure a sukurun akwatin, in akwai fenti ko tsatsa a wurin ka kankare tukuna.