Kafin ka jefar da kibod ɗin tsohuwar kwamfutarka, buɗe shi tukuna

Jama'a, akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da masu tara tsofaffin kwamfutoci. Da zarar maɓalli biyu ko uku sun daina amsawa, sai ka ji an yanke wa kibod hukunci: ya mutu, a cire shi, a nemo na zamani a haɗa da adafta. Ni dai ban yarda ba. A irin su Commodore 64 (C64 a taƙaice), wadda ta fito a 1982, kibod ɗin ai shi ne fuskar kwamfutar, komai nata yana ƙarƙashinsa a cikin akwati ɗaya. Ka raba ta da shi, me ya rage maka?

Tawa ta yi shekaru a ajiye. Ranar da na kunna ta, harafin E sai na danne shi da ƙarfi kamar mai rama gayya kafin ya fito, RETURN kuwa ya yi kunnen uwar shegu da ni. Na juya kibod ɗin na tarar da ƙananan sukurori fiye da ashirin riƙe da allon bayansa. Na zuba su a murfin kwalba, don in ɗaya ya faɗi ƙasa sai dai haƙuri. Akwai kuma wayoyi biyu na maɓallin SHIFT LOCK da aka liƙe da dalma, dole a narkar da ita kafin allon ya ɗago. Masu gaggawa nan suke fizga su yi ɓarna.

Abin da na gani a ciki har dariya ya ba ni. Kusan kowane maɓalli yana da 'yar roba baƙa a ƙasansa, wadda in an danna take haɗa tabo biyu a kan allo, wuta ta wuce. Ƙura ce da dattin shekara arba'in suka yi musu shamaki, ba wani abu ba. Auduga da sifirit ɗin isopropyl, na goge tabon ɗaya bayan ɗaya a hankali, robobin kuma na ɗan murza su a kan farar takarda har ƙyallin da ya daskare a kansu ya tafi. Kada ka kusanto da sanfefa, za ka kankare abin da kake son cetowa. Na mayar, E ya fito da taɓawa ɗaya.

Wani lokacin ma laifin ba na kibod ba ne sam. Maɓallan 66 ne, kuma 64 daga cikinsu an jera su ne layi takwas tsaye, takwas kwance, wani cip (ɗan ƙaramin sashe na lantarki a cikin kwamfutar) mai suna CIA 6526 yana bi yana duba wanda aka danna. To idan ka ga 3, W, A, 4, Z, S, E da SHIFT na hagu sun mutu rana ɗaya, ba datti ba ne, layinsu ɗaya. Ka duba waya ko soket, ko shi cip ɗin. Sayi sabon kibod goma, matsalar tana nan daram. Haka joyistik (sandar buga gem) da aka bari a soket ɗin joyistik na ɗaya yakan sa haruffa su riƙa fitowa da kansu, saboda hanyarsu ɗaya da kibod. Zare shi kawai.

Ba na cewa komai na gyaruwa. Kwamfutar ZX Spectrum ta kamfanin Sinclair, ita ma 'yar 1982, a ƙarƙashin maɓallanta na roba 40 wata siririyar leda ce mai zanen hanyoyin wuta, da wutsiyoyi biyu da ke shiga soket. Zafi da shekaru kan busar da su har su tsage. Wasu sukan datse bakin da almakashi su sake cusawa, ta yi aiki na ɗan lokaci. A nan kam na yarda a canza, tunda har yau ana ƙera sabuwar ledar, kuma robar da yatsunka suka saba da ita tana nan inda take.

Ko kibod ɗin C64 da ya karye da gaske, kafin ka waiwayi na zamani ka nemi na matacciyar VIC-20, wata tsohuwar kwamfutar Commodore, yana shiga daidai. Wanda ka cire kuma ka adana shi a leda, domin ranar da sifirin ɗin wani maɓalli ya yi tsalle ya ɓace ƙarƙashin kujera, a jikinsa za ka ciro wani.