Na yi wa layina saki uku, kada wanda ya zo mini biko

To, an gama. Masu tambayata tun ranar Talata ko da gaske nake da na ce zan bar kamfanin layin wayata, ga amsarku: jiya na tattara lambata na bar musu gidansu. Shekara goma sha ɗaya ina zuba wa kamfanin nan kuɗi kamar mai adashi, ban taɓa ɗauka ba. Kuma kada ku tambaye ni wane kamfani ne ko wane launi ne, duk wanda ke zaune a Arkilla ya san wanda nake nufi.

Kun dai ga abin da na rubuta daren da Inna ta yanke jiki ta faɗi a Mabera. Sau tara ƙanwata ta kira ni, sau tara ana gaya mata wayata a kashe take, alhali ga ta nan kan matashi dab da kunnena, caji cike. Sai da yaron maƙwabta ya hau babur ƙarfe ɗayan dare ya zo ya yi ta dukan ƙofa. A cikin garin Sakkwato fa, ba a wani lungu bayan Gundumi ba. Alhamdulillahi Inna ta samu sauƙi, na gode da addu'o'inku. Amma ni ban huce ba.

Abin da ke ci mini rai guda ɗaya ne. Mutanen nan ba su taɓa kuskuren ƙirga kwana talatin ba. Ka sayi data ta wata, ranar da ta cika, a daidai mintin da ka saya, za ta mutu. Ko ka yi kwana goma waya na ta juya ɗan da'irar nan ba ta buɗe komai ba, lissafinsu bai san da wannan ba. Kwamfutar da ke cire kuɗi lafiyarta ƙalau, ba ta jin zafin Afrilu, ba ta jin ƙurar hunturu, dizal ba ya ƙare mata. Turken da zai ba ni sabis ne kawai kullum yake kwance ba lafiya. Abin dariya, a ɗakin da kira ba ya shiga, saƙon "datarka ta kusa ƙarewa" yana iske ni har ƙarƙashin gidan sauro. Ta ina yake bi? A nuna wa kiran ƙanwata wannan hanyar mana.

Na je ofishinsu kafin in yanke hukunci, don kada a ce ban nemi sulhu ba. Na karɓi lamba, na zauna sama da awa ɗaya ina shan sanyin na'ura, wanda shi ne kaɗai abin da na taɓa mora a wurinsu kyauta. Yarinyar da ke kan tebur, mai ladabi, ta ce, "Yallaɓai, ka gwada kashe wayar ka kunna?" Na ce, "Ƙanwata, na kashe na kunna har maɓallin ya soma shigewa ciki." Ta danna kwamfuta, ta ce, "Yi hanƙuri, ana aiki bisa turken unguwarku." Wannan aikin tun daminar bara ake yin sa. Sai na yi mata tambayar da ta kawo ni: kwanakin da ba sabis, za a mayar mini da su? Ta dubi abokin aikinta, ya dube ta, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ban ga laifinta ba wallahi, ita ma albashi take nema. Amma murmushin nan shi ne ya sa hannu a takardar sakin.

Na san abin da za ku cika mini shafi da shi. Dizal ya yi tsada, ɓarayi na kwashe baturan turaku, masu aikin hanya na tsinke wayar ƙarƙashin ƙasa. Na ji, kuma gaskiya ne, ba wanda ya musa. To sai me? A watan Janairun 2025 hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, hujjar kuwa ita ce tsadar aiki, da alƙawarin sabis zai gyaru. Ƙarin bai yi lattin isowa Arkilla ba. Saƙon tes da muke turawa naira 4 ya koma 6, ba a ce mana mu yi haƙuri ana aiki a kan ƙarin ba. Gyaran ne har yau yake kan hanya, wataƙila a kan jaki ya taso daga Legas. Idan ɗan garuwa ya kawo maka rabin jarka ya ce famfo ne ba ƙarfi, za ka tausaya masa, amma kuɗin rabi za ka ba shi. Mai awo a Tsohuwar Kasuwa ya danne gindin mudu, tun muna makarantar allo muka san sunan wannan aiki da abin da aka tanadar wa mai yin sa. Don mudun ya koma cikin waya sai sunan ya canza?

Masu cewa "duk kanwar ja ce, ina za ka je ka tsira?", ku ma na ji ku. Ko kanwar ja ce, ai ina da ikon zaɓen wadda zan jiƙa.

Bari in ajiye wasa. Ni abin da na yi asara tsoro ne na dare ɗaya. Akwai mai POS da ke tsaye da mutum gaba da gaba, an cire kuɗi a asusu, alat bai shigo ba, har a kai ga cin kwala. Akwai dillalin albasa da motarsa ke hanyar Kudu, ya kasa samun direba yini guda. Akwai ɗalibin jami'a a Dundaye da ke neman tura aiki kafin a rufe shafi. Sannan ga 'yan uwanmu na gabas, su Isa da Sabon Birni, inda kira ɗaya na "ku watse, ga su nan tafe" ke raba mutum da mutuwa. A 2021 da gwamnati ta rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga, mutane sun sha wuya, amma an fito an sanar, an faɗi dalili. Wannan na yanzu rufewa ce ba sanarwa, kuma kana biya.

Wanda ke tsoron rasa lambarsa, ba sai ka karya sim ba. Tun 2013 aka ba da damar ƙaura da lamba. Ka je ofishin kamfanin da kake so da katin shaidarka na NIN, su cike maka takarda, ka tura PORT zuwa 3232, shi ke nan. Ka dai cinye katinka da datarka tukuna, don ba sa bin ka sabon gida. Kuma kafin ka zaɓa, ari wayar maƙwabci ka shiga da ita ƙuryar ɗakinka ka gwada, kada ka bi allon talla na bakin shataletale. Mai son kai ƙara kuma akwai 622, layin hukumar NCC ne, kyauta. Sabon layin nawa ban ce aljanna ba ne. Na ba su kwana talatin, ni ma na koyi ƙirga.

Af, lokacin tsohon layin, kullum sai na taka bulo na jingina da katanga nake samun sanda biyu ta sabis, daga nan ne nake hango yaran da ke layin ƙanƙara a gidan baya. Jama'a, wai mi ya sami ƙanƙara a garin ga? Ɗan ƙullin da bai kai tafin hannu ba, kafin yaro ya iso da shi gida rabi ya zama ruwa. Wanda ya san inda ake samun mai dama-dama wajen Gawon Nama ya gaya mini, yanzu in an kira ni yana shiga.