Zawo bayan cin abinci: barin shan ruwa ba magani ba ne

A Damagaram da yawa na cewa mai zawo ya rage ruwa don cikin ya tsaya. Kuskure ne, ruwan da jiki ke zubarwa shi ke kayar da mutum, balle lokacin zafi.

A dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ko a sayi SRO (garin gishiri da sukari na mai zawo) a farmasi. A riƙa kurɓa bayan kowace fita. A ci shinkafa, kunu, ayaba.

Sanadin zawon na iya zama jardiya, wata ƙwayar cutar hanji daga gurɓataccen ruwa, ko cikin da ba ya narkar da madara. A bar madara da maiƙo kwana kaɗan a gani. Ƙwayoyin maganin 'yan tebur kuwa, ba awon bayan gida, caca ce.

In an ga jini, zazzaɓi, rama, ko zawon ya wuce kwana 14, a tafi likita.