Furfura Ba Ta Auna Albarushi

A cikin masu sha'awar ɗura harsashi da hannunsu, a Amurka ko Kanada ko Jamus, akwai wata magana da ake kashe bakin mutum da ita in gardama ta yi zafi: "Shekarata talatin a wannan aiki, bindiga ba ta taɓa fashe mini ba." Da an faɗe ta sai sabon shiga ya ja bakinsa ya yi shiru. Ni kuwa a ganina wannan magana ba ta nuna komai sai cewa mai ita yana nan da yatsunsa goma. Ko ya iya aikin, ko ƙarfen bindigarsa ne ya daɗe yana rufa masa asiri, shekarun ba su faɗa mana ba.

Ga wanda bai san harkar ba: harsashi abu huɗu ne. Akwai kwanso na tagulla, akwai firaima, wato 'yar hular da ke gindi wadda allurar bindiga ke dukan ta ta ba da wuta, akwai albarushi, sai ƙwayar da ke fita. In an harba, ukun sun tafi, kwanson ne ke saura, shi ne kuma mafi tsada. Mai ɗuri yana wanke shi, ya shafa masa mai, ya tura shi cikin mazubin ƙarfe a kan injin matsi don ya koma girmansa na asali, a nan ne tsohuwar firaima ke faɗuwa. Sai ya auna tsawonsa ya datse in ya miƙe, ya sa sabuwar firaima, ya auna albarushi ya zuba, ya dasa ƙwaya. Aiki ne da doka ke tsaye a kansa. A Amurka mutum na iya yi don amfanin kansa ba tare da lasisin tarayya ba, amma in zai sayar sai da lasisi. A Jamus ba za a sayar maka da albarushin ba sai ka yi kwas, ka ci jarrabawa, ka karɓi izini. A ƙasashe da yawa kuwa laifi ne kai tsaye.

Jerin matakan nan mutum zai iya haddace shi a yini guda. Wahalar tana cikin ƙanƙantar awo. Ana auna albarushi da giren, giren ɗaya kuwa giram 0.0648 ne, guda 7,000 ke cika fam ɗaya. Sikelin mai ɗuri yana karanta kashi ɗaya cikin goma na giren. A ɗaya ɓangaren kuma, matsin da ke tashi cikin ɗakin harsashi in an ja kunama ya wuce tunani: ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera makamai na Amurka suka kafa a 1926, ta ƙayyade wa harsashin .308 Winchester psi 62,000, wato fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci, ta ba 9mm psi 35,000, .38 Special kuwa 17,000 kacal. Turai tana da tata hukumar, CIP, tun 1914. To, tsakanin ɗan abin da ba ya cika cokalin shayi da wannan matsi, ina furfura take shiga?

Tana shiga, ban musa ba. Akwai abin da hannu ke koyo wanda littafi ba ya iya bayarwa. Wanda ya sa firaima dubbai yana jin lokacin da ta shige ba tare da turjiya ba, ya san ramin gindin kwanson ya buɗe, ya jefar da shi. Yana shafa yatsa ya gane ko ta zauna ƙasa da fuskar gindin da 'yan kaso cikin dubu na inci kamar yadda ake so, ko ta yi tudu, wanda a bindiga mai loda kanta kan iya tashi tun sakata, wato ƙarfen da ke rufe bayan harsashi, ba ta gama kullewa ba. Yana jin nauyin hannun injin ya san mai ya yi kaɗan tun kafin kwanso ya maƙale a mazubi, ya kuma san in mai ya yi yawa kafaɗar kwanson za ta lotsa. Ya san kwanson da aka tsinto a filin harbi sai an leƙa cikinsa: rami ɗaya a tsakiya tsarin Boxer ne, ana ɗura shi, ƙananan ramuka biyu a gefe tsarin Berdan ne, zai karya allurar cire firaima. Abin dariyar ma shi ne Boxer Baturen Ingila ne amma tsarinsa ya zauna a Amurka, Berdan Ba'amurke ne nasa ya zauna a Turai. Ya san kwanson .45 ACP yanzu na zuwa da ramin firaima iri biyu, babba da ƙarami, wanda ya haɗa su a gwangwani ɗaya zai sha wuya. Duk wannan ilimi ne na gaske, shekaru ne ke kawo shi, kuma duk wanda ya samu dattijo ya zaunar da shi gefen bencinsa ya yi sa'a.

Amma lura da iyakar wannan ilimin: duk a kan tagulla yake da jin hannu. Matsi kuwa hannu ba ya jin sa, ido ba ya ganin sa. A nan ne tsofaffin hannu suka fi yaudarar kansu. Za ka ji mutum ya ɗaga kwanso ya dubi firaima ya ce ba ta baje ba, sakata ba ta yi tauri ba, don haka akwai sauran wuri, a ƙara rabin giren. Matsalar ita ce waɗannan alamu makararru ne. Firaimar wani kamfani ta fi ta wani laushi, tagullar wani ta fi ta wani tauri, kuma sau da yawa kafin tambarin maciri, wato abin da ke fitar da kwanso daga bindiga, ya fito a gindin kwanso an riga an wuce iyaka da nisa. Bayyanar alama na nufin a tsaya. Rashinta ba izinin ci gaba ba ne. Ana gwada bindiga a masana'anta da harsashin da ya fi na yau da kullum matsi, wannan rarar ƙarfin ce mutum ke ci shekara da shekaru yana ɗauka gwanintarsa ce.

Abin da ya fi idon dattijo gaskiya a nan shi ne na'urar auna gudun harsashi. In littafi ya ce a bututu mai inci 24 iyakar ɗuri na ba da gudu kaza, kai kuma naka bututun inci 22 ne amma ka zarce wannan gudun, to bindigarka ba ta fi ta kowa albarka ba, matsinka ne ya fi na littafi. Gudu ba ya zuwa kyauta. Wanda ya shekara biyu yana ɗuri da wannan na'ura a gabansa yana rubuta lambobi ya fi sanin abin da ke faruwa cikin bindigarsa a kan wanda ya shekara talatin yana karatun firaima.

Sai batun tsohon littafi. Da yawa cikin alƙaluman da aka buga a da, an samo su ne ta hanyar matse ɗan guntun jan ƙarfe a auna yadda ya lotsa. Yanzu ɗakunan gwaji na amfani da na'urar lantarki da ke zana tashin matsi daga farko har ƙarshe, shi ya sa aka rage iyakar wasu ɗure-ɗuren a sababbin bugu. Tsofaffi kan ce tsoron lauyoyi ne ya sa kamfanoni ja da baya. Wataƙila akwai ƙamshin gaskiya a wani wurin, amma awon ma ya inganta, albarushin da ke cikin gwangwani yau kuma ba lallai ne ya zama daidai da mai irin sunansa na shekaru arba'in baya ba, wani ma an sauya masana'antar da ke yin sa. Ko sabon gwangwani mai lambar rukuni daban ka buɗe, ƙa'ida ita ce ka rage awo ka sake hawa a hankali. Haka in ka sauya firaima, ko ƙwaya ko da nauyinsu ɗaya, ko kwanso. Kwanson soja na 7.62 ya fi na .308 na kasuwa kauri, cikinsa ya fi ƙunci, awo ɗaya zai ba da matsi biyu. Inda littafi bai ba da awon farawa ba, ana rage kashi goma cikin ɗari daga iyaka. Sai dai ita ma wannan ƙa'idar tana da togaciya: albarushi irin H110 kamfaninsa ya yi gargaɗin kada a rage shi sosai, don ba ya kamawa da kyau in ya yi kaɗan. Wanda ya haddace "rage kashi goma" ya daina buɗe littafi, nan zai faɗa.

Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma babu inda ya fi gaskata kamar a kan bencin ɗuri. Sabon shiga yana da gwangwani ɗaya, harsashi iri ɗaya, injin tasha ɗaya mai ɗaukar kwanso ɗai-ɗai, ga tsoro ya cika masa ciki. Yana jera kwansuna hamsin a faranti, ya haska tocila ya leƙa kowanne kafin ya dasa ƙwaya. Tsohon hannu kuwa yana da gwangwani goma sha biyar a kanta, cikinsu akwai IMR 4350 da H4350 da Accurate 4350, sunaye kusan ɗaya, alƙaluma daban. Yana da inji mai juyawa da ke fitar da ɗaruruwa a awa, yana aiki yana sauraron rediyo. Dubi .38 Special: an ƙirƙiro shi a 1898 don baƙin albarushi, shi ya sa kwansonsa ke da zurfi, ɗurinsa na yau da albarushi mai saurin ci 'yan giren ne a can ƙasa. Zuba sau biyu yana shiga ba tare da ya nuna ba. A inji irin Dillon 550, wanda da hannu ake juya farantinsa, ya isa a kira mutum a waya, ya dawo ya sake jan hannu bai juya ba. Kishiyarsa ma na faruwa: kwanso ya wuce babu albarushi, firaima kaɗai ta tura ƙwaya ta tsaya a tsakiyar bututu, harbi na gaba ya tarar da ita a hanya. Mafi muni shi ne ragowar albarushin ƙaramar bindiga da aka manta a mazurari, aka zuba shi cike da kwanson doguwar bindiga. Wannan ba ya barin bindiga, wani lokacin ba ya barin hannu. Ba ɗaya cikin kuskuren nan da jahilci ke kawowa. Sakin jiki ne, shi kuwa sakin jiki da shekaru yake girma.

Ga wani tarkon da sai ƙwararre ke iya ɗana wa kansa. Masu hannu kan yanke kwanson .223 su mayar da shi .300 Blackout. Tambarin gindi na nan yana cewa .223, ƙwayar kuwa ta inci .308 ce. Irin wannan harsashi na iya shiga ɗakin bindigar .223 ya kulle, sai a yi ƙoƙarin tura ƙwaya mai kauri ta bututun inci .224. Sabon shiga bai ma iya yankan ba balle ya faɗa.

Tagulla ma tana da lissafinta, wanda ƙwaƙwalwa ba ta riƙewa. Kwanson .308 iyakar tsawonsa inci 2.015, ana datse shi zuwa 2.005; na .223 iyakarsa 1.760, ana mayar da shi 1.750. In ya wuce, bakinsa zai cusa cikin maƙogwaron ɗaki ya shaƙe ƙwaya, matsi ya tashi. In kuma ana tura kafaɗarsa baya fiye da kima a kowane ɗuri, maimakon kamar inci 0.002 da ya ishi bindiga mai sakata, jikin zai riƙa miƙewa yana siranta daf da gindi har ya rabe biyu, hayaƙi mai zafi ya dawo fuska. Ana gano shi da zoben haske a waje, ko a lanƙwasa bakin waya a shafa ciki a ji kwari. Kwanso nawa aka harba sau nawa, wane aka datse sau uku ya kamata a yar, wannan sai takarda.

Shi ya sa in za a tambayi mai ɗuri, ni ba shekarunsa zan tambaya ba. Zan ce ya nuna littafin rubutunsa: kwanan wata, sunan albarushi da lambar rukuninsa, awo, firaima, tsawon harsashi gaba ɗaya, gudun da aka samu, da zafin ranar, don ɗurin da ya yi lafiya a sanyi na iya wuce iyaka in harsashi ya sha rana. Zan duba ko gwangwani ɗaya ne a kan bencin lokacin aiki, ko yana da ma'aunan gwada sikelinsa, ko tabarau na fuskarsa lokacin sa firaima, ko firaimominsa na cikin farantinsu na asali ba a zube cikin kwalba ba. Zan tambaye shi yaushe rabonsa da gwajin dalma a jini, domin yawancin firaima na da sinadarin dalma, ƙurar injin goge kwanso kuma ɗauke take da shi, wannan kuwa lahani ne da ke taruwa daidai da yawan shekarun da ake taƙama da su. Sannan zan saurari amsarsa in wani ya ce masa, "Giren nawa zan zuba?" In ya faɗi lamba daga ka, ko shekararsa hamsin, a je a duba ta a littattafai biyu na kamfanoni daban, irin su Hornady da Lyman, kafin ta kusanci sikeli.