Kafin a Kafa Tubalin Katangar Iyaka, a Dubi Muritaniya

A watan Yunin 2025, Janar Christopher Musa, ɗan jiharmu ta Kaduna daga Zangon Kataf, lokacin yana Babban Hafsan Tsaro, ya kawo shawarar a katange iyakokin Najeriya domin a tare 'yan ta'addan da ke shigowa daga ƙetare. Ya kafa hujja da Pakistan, wadda ta ja shinge tsakaninta da Afganistan, da kuma Saudiyya da ta yi haka a iyakarta da Iraƙi. Har yau maganar ba ta kwanta ba. Duk lokacin da aka kai wani sabon hari, sai 'yan uwa a Tudun Wada da Rigasa su sake tayar da ita a zaurukanmu na WhatsApp, kuma mafi yawansu suna goyon baya. Ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya ga abin da aka yi wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, ya kuma ga yadda aka kwashe yaran makarantar Kuriga a Maris 2024, duk abin da aka ce masa zai kawo sauƙi zai karɓa hannu biyu.

Ni dai ban gamsu ba, kuma inda nake zaune ne ya hana ni gamsuwa. Ina Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, karatu ya kawo ni, neman abinci ya zaunar da ni. Iyakar ƙasar nan da Mali ta haura kilomita 2,200, ta fi tamu da Nijar tsawo, wadda ke kusan kilomita 1,500. Malin nan kuwa ita ce wadda wuta ke ci a cikinta tun 2012. Babu katanga a tsakaninsu. Amma tun 2011 mayaƙan Sahel ba su sake ƙetarowa sun kai hari a ƙasar nan ba.

Kada wani ya ɗauka dama can lafiya lau suke. A 2005 an afka wa sansanin soja a Lemgheity aka kashe sojoji 15. A Disambar 2007 aka harbe Faransawa 'yan yawon buɗe ido huɗu kusa da Aleg, abin da ya sa aka soke gasar tseren motoci ta Dakar ta 2008. A Satumbar 2008 aka sake yi wa sojoji kisan gilla a Tourine. A lokacin kowa ya ɗauka Muritaniya ce za ta fara faɗuwa kafin Mali.

Abin da suka yi bai da ƙyale-ƙyale. Sun gyara albashin soja da kayan aikinsa, suka kafa ƙananan rundunoni masu motoci da ke kwana su tashi a cikin hamada, ba masu zuwa su yi harbi su koma bariki ba. Suka ware takamaiman mashigai, suka ce duk mai shigowa ta nan zai bi, suka kuma ayyana wani yanki na arewa maso gabas a matsayin filin soja da ba a shiga sai da izini. Wannan ɓangaren bindiga ke nan. Ɓangaren da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na raƙuma. Akwai dakaru da ke yawo a kan raƙuma daga ruga zuwa ruga a gabashin ƙasar, da yawansu 'ya'yan makiyayan yankin ne, sun san harshen, sun san sawu. Suna tafe da magani, suna duba mara lafiya, suna lura da rijiyar da ta lalace. Gwamnati ta haƙa rijiyoyi, ta ma gina sabon gari sukutum, Nbeiket Lahwach, dab da iyakar Mali, don kada wurin ya zauna kango. Makiyayin da ya sha ruwan rijiyarka, aka yi wa ɗansa allura, shi ne zai fara gaya maka ya ga baƙuwar mota jiya da la'asar. Sannan a 2010 suka tura manyan malamai cikin kurkuku suka yi muƙabala da matasan da aka kama, wasu suka sauka daga ra'ayinsu aka sake su.

Ba ina cewa aljanna ba ce. Mutanen Muritaniya duka kusan miliyan 5 ne, ba su kai mutanen jihar Kaduna kaɗai ba, wadda ƙidayar 2006 ta ba miliyan 6 da ɗoriya. Akwai kuma masu zargin cewa gwamnati ta yi wata fahimta ta ƙarƙashin ƙasa da Alƙa'ida, zargin da hukuma ta musanta. A Maris 2023 ma wasu fursunoni huɗu masu wannan aƙida sun ɓalle daga kurkukun Nuwakshot suka kashe masu gadi biyu, kafin a cim musu a yankin Adrar. Duk da haka, darasin yana nan: gwamnati ce ta tashi ta je ta zauna a bakin iyakarta da mutane da ruwa da magani.

Yanzu mu dawo gida. Iyakar Saudiyya da Iraƙi hamada ce fayau, ga kuɗin mai, amma a Janairun 2015, 'yan watanni bayan ƙaddamar da shingen, mahara suka kashe kwamandan dakarun iyaka na arewa a yankin Arar. Pakistan ta kusa kammala nata shingen, hare-hare kuma suka ƙaru bayan 2021. Tamu iyakar kuwa ba hamada ba ce. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, suka ratsa ta tsakiyar dangi. Katsinawa ne a Maradi. Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni tsatso ɗaya ne. Tsakanin Illela da Ƙonni tafiyar babur ce ta 'yan mintoci, akwai mai gida a nan gona a can, akwai wadda aka aurar can iyayenta na nan. Jihohinmu bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno. Ta ina katangar za ta bi, kuma gonar wa za a raba? Wa zai yi gadinta da daddare a dajin Gudu, inda ko ofishin 'yan sanda sai an yi tafiya mai nisa kafin a gani?

Kuma ai mun gwada rufe iyaka, ba sau ɗaya ba. Gwamnatin marigayi Buhari ta rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Shinkafa ta yi tsada, 'yan kasuwar Jibiya da Maigatari suka shiga uku, ɓarauniyar hanya ta ƙara daraja. Ɗaliban Ƙanƙara kuwa, ranar 11 ga Disambar 2020 aka sace su, iyaka na rufe. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa da sunan takunkumin ECOWAS, aka yanke musu lantarki, har zuwa Maris 2024. Da hedikwatar tsaro ta fito a Nuwambar 2024 ta sanar da ɓullar ƙungiyar 'yan ta'adda ta Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, ita da bakinta ta ce taɓarɓarewar haɗin kai da Nijar bayan juyin mulkin ce ta ba su kafa. Rufewar ta tare mai buhun gero da mai tallan albasa, mai bindiga dama ba ta bakin shingen kwastan yake bi ba.

Labarin Lakurawa shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ba katanga suka haura ba. Shekaru kafin a san sunansu a jarida, wasu al'ummomi a Tangaza da Gudu ne suka karɓe su, saboda ɓarayin shanu sun hana su sakat kuma babu mai kawo musu ɗauki. Baƙin suka kori ɓarayi, daga baya suka fara karɓar zakka da ƙarfi, suna yi wa matasa bulala, suna kafa dokokinsu. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Sai dai ɗan garin nan ba lallai mugu ba ne. Sau da yawa mutum ne da aka bari shi kaɗai da matansa da 'ya'yansa a gaban masu bindiga, ya kama hannun wanda ya fara miƙo masa.

Mu 'yan Kaduna mun fi kowa sanin wannan, domin jiharmu ba ta da iyaka da wata ƙasa ko taku ɗaya, amma Ansaru, masu alaƙa da Alƙa'ida ta yankin Sahel, sun yi shekaru a gabashin Birnin Gwari, wajen Damari da Kuyello. Da wa'azi suka shigo, da rabon kayan masarufi, da alƙawarin kare manoma daga 'yan bindigar daji, har da auren 'yan matan ƙauyukan. Daga bakin iyaka zuwa can ɗaruruwan kilomita ne, amma daji ne ke miƙa wa daji, daga Sububu zuwa Rugu, zuwa Kuyambana da Kamuku, kuma a mafi yawan wannan tafiyar mutum ba zai haɗu da wani abin da zai tuna masa akwai gwamnati ba. Wannan kuwa a jihar da ke da Runduna ta Ɗaya, da makarantar horar da hafsoshi ta NDA, da barikin soja na Jaji, da sansanin sojan sama, da masana'antar ƙera makamai ta DICON. Sojan yana nan, a birni yake.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci da kalmar "baƙi" ke rufe mana. Makamai sun kwararo daga Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, wannan haka ne. Amma shugabannin Ansaru 'yan Najeriya ne da suka je waje suka koyo, yawancin 'yan bindigar daji kuma a nan aka haife su. Man fetur ɗin da ke cikin baburansu, da burodi da ƙwaya da katin waya, daga garuruwanmu ake kai musu. Matsalar ma ba hanya ɗaya take bi ba: tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke gudun hijira a jihar Maradi. Idan ka tambayi Bamaraɗe, zai ce maka daga Najeriya masifar take shigo masa. Ni kaina na bi hanyoyin nan a motar haya, na ga yadda direba ke miƙa 'yan canji a kowane shinge a ɗaga masa sanda, ba wanda ya leƙa but. Ƙofar katanga ma irin waɗannan hannuwan ne za su riƙe mabuɗinta.

Saboda haka, da za a ji tawa, kuɗin siminti da waya mai ƙaya a zuba su a kan mutane. A ɗauki 'ya'yan Illela da Jibiya da Maigatari da Machina aikin tsaron iyaka, a ajiye su a yankinsu, a biya su abin da zai hana su kallon hannun direba, wanda aka kama kuma a hukunta shi kowa ya gani. A dawo wa dagaci da mai unguwa da darajarsu, domin da can baƙo ba ya kwana a gari ba da saninsu ba, a kuma kare wanda ya kawo rahoto. Yau mutumin ƙauye yana tsoron ya faɗa wa hukuma abu da safe, labari ya riga shi isa daji kafin azahar. Yarda kuma ba ta samuwa da jirgin sama kaɗai. Mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi, waɗanda jirgin soja marar matuƙi ya hallaka musu 'yan uwa fiye da 80 a wurin Mauludi a Disambar 2023, sai an yi aiki sosai kafin su sake sakin jiki.

Sai kuma Yamai. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a Maris na shekarar. Ko muna son masu mulkin can ko ba ma so, ba mu da wata maƙwabciyar da za mu musanya da ita. Dole sojan da ke Illela ya iya ɗaga waya ya kira na Ƙonni. Sarakunanmu da malamanmu suna da ƙima a can, an ga haka a 2023 lokacin da tawagar malamai ta samu ganin Janar Tchiani, shugaban mulkin sojan Nijar, bayan an mayar da wasu manyan jakadu. A yi amfani da su.

A gida kuma, tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a Birnin Gwari a Nuwambar 2024 aka sake buɗe kasuwar kara, motoci sun dawo hanya, manoma sun koma gonakin da suka bari shekara da shekaru. Ina murna da haka ƙwarai, ina kuma jin tsoro, don sulhu fili kawai yake buɗewa, wanda ya riga shiga shi ke zama. Roƙona ga Gwamna Uba Sani da wakilanmu a majalisa shi ne, kafin a kai ga muhawarar katanga, a kai ofishin 'yan sanda mai mutane a ciki Damari da Kuyello, a kai alƙali, a kai malamin makaranta da ma'aikacin jinya da za su kwana a garin, a gyara hanyar Buruku zuwa Birnin Gwari, a kuma sa waɗannan a kasafin kuɗin bana da sunan kowane ƙauye don mu iya bin sawu.