Giya, kulle da kumburin fankiriyas

Wani labari da ya ce an samu ƙarin masu kwanciya asibiti da kumburin fankiriyas (wani sashen jiki da ke bayan tumbi) saboda giya lokacin annobar korona bai ba ni mamaki ba. Daga Maris 2020 mutane sun kasance a kulle a gida, aiki ya tsaya, damuwa ta yi yawa, mai sha sai ya ƙara. Ga tsoron zuwa asibiti kuma, wasu ba su je ba sai da ciwo ya ci ƙarfinsu.

Ga alamomin kumburin: ciwo mai tsanani a saman ciki da ke sukan baya, da amai. Fankiriyas ne ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, shi ya sa idan kumburin ya daɗe yakan jawo ciwon suga. Taba ma tana ƙara haɗarin.